Jawabi ga masu tambaya kan rediyon oba-oba

Wasu samarinmu masu dako a tashar motar Adjame da kasuwar Treichville sun tambaye mu ko za su iya sayen oba-oba su riƙa magana da gida. Ga amsa.

A nan Kodebuwa akwai ƙungiyar masu rediyo don sha'awa, ana kiranta ARAI. Masu wannan sha'awa ba kuɗi suke nema ba. Suna koya wa juna gyaran na'ura da kafa eriya, suna gaisawa da takwarorinsu na ƙasashe masu nisa, su aika wa juna kati shaidar an ji juna. Kowa da lambar kiransa, ta ƙasar nan da TU take farawa. Ranarsu ta duniya 18 ga Afrilu ce.

To amma sauraro daban, watsa magana daban. Jin BBC Hausa ko RFI ba laifi ba ne. Watsawa kuwa sai da lasisin hukumar ARTCI. Wanda aka kama babu shi ya jawo wa kansa fitina, balle mai takardar gudun hijira.

Na biyu, magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa a iska kowa na ji, har wanda muka guje wa. Kada mu ambaci suna, ko gari, ko masauki.

Mai neman ɗan'uwan da ya ɓace ya zo ofishinmu mu haɗa shi da Croix-Rouge, kyauta ne. Allah Ya tsare mu.