Ragon da ya tsere a Nima: abin da 'yan wasa suka ce

Jama'a masu sauraronmu, na ruga da na kasuwa, da ku direbobi da ke jiran a buga muku takarda a Paga ko Aflawo. Yau ba farashin albasa za mu taɓa ba, ba kuma rigakafin shanu ba. Maganar wasan waya ce. Na san wani dattijo zai ce, "To, yaron nan ya fara." Baba, ka ɗan ba ni minti biyar, akwai rabonka a ciki.

Kwanan baya na sauka a Ankara, na kwana a Nima wajen kawuna. Na tarar ɗansa da abokansa biyu sun yi kwana biyu ba barci, sun ƙera wani ɗan gajeren wasa a kwamfuta. Irin wannan aiki yana da tsari a duniya. Akwai taron da ake kira Global Game Jam, wanda aka fara a 2009. Duk watan Janairu ake yinsa, a ƙasashe sama da 100: a ba matasa jigo guda, a ba su awa 48, kowane rukuni ya fito da wasansa. Akwai kuma Ludum Dare, tun 2002, inda bayan an gama masu ƙirar ke buga wasannin juna suna ba da maki da shawara. Yaranmu salon nan suka ɗauka.

Wasan nasu na tsalle-tsalle ne, irin Super Mario da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985. Sai dai su rago suka sa. Ana jajibirin Babbar Sallah ya tsinke igiya, yana tsallake kwatoci, yana bi ta kan teburan masu koko da rufin shaguna, burinsa ya haye babbar kwatar nan da ke tsakanin Nima da Mamobi. Minti biyar ka gama, in ka iya.

Abokansu na majalisar shayi duk suka ce, "Kai, ya yi kyau!" Yaran suka ji daɗi, amma ba su ƙaru da komai ba. Sai muka zuba wasan a waya, muka nufi Zongo Lane, can wajen kasuwar Makola, muka riƙa miƙa wa waɗanda ba su san mu ba.

Na farko wani Alhaji ne mai kawo albasa daga Galmi. Sau shida ragon na faɗawa kwata. Ya miƙo wayar ya ce, "Yaro, na danna fa, shi ne bai ji ba." Ƙanina ya buɗe baki zai yi gardama, na taka masa ƙafa. Ashe Alhaji na da gaskiya. Ido na ganin ƙafar rago a bakin kwata, kafin yatsa ya sauka ya riga ya wuce da ƙiris, kwamfuta kuwa ba ta san uzuri ba. Masu wannan sana'a sun daɗe da samo maganinsa: sukan bar wa ɗan wasa rarar lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, ko ya zarce baki tsallen ya karɓu. Mai wasa ba zai lura ba, zai dai ji abin yana masa biyayya.

Ta biyu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa. Wayarta ƙaramar itel ce, wasan ya riƙa tsinkewa, babban yatsanta kuma ya rufe ramin da ake so ta tsallake. Yaran a kwamfuta mai faɗin fuska suka yi gwajinsu, sun manta da irin wayar da ke aljihun mutanenmu. Bayanin da suka rubuta da Turanci a farkon wasan kuwa, babu wanda ya tsaya karanta shi, ko mutum ɗaya.

Na uku shi ya fi ba ni dariya, shi ya kuma fi ba ni tunani. Wani Baffa ne da ke kawo shanu kasuwar Tulaku ta Ashaiman. Bai ma karɓi wayar ba, leƙowa ya yi. Ya ce, "Wannan ba rago ba ne, akuya ce kuka sa wa ƙaho. Akuya ke hawa katanga. Rago in ya tsere 'yan'uwansa yake nema, in an tare shi ya ja da baya ya kai karo." Yaran suka yi tsit. Daren nan suka ƙara wa ragon tunkuyi, ya zama yana ture kwanduna da kai. A ganina nan ne wasan ya zama nasu, ya daina zama Mario mai ƙaho.

Amma ba duk shawara suka ɗauka ba. Alhaji cewa ya yi a cike kwatocin gaba ɗaya. In an cike su, ina wasan? Abin da suka yi shi ne, in ka faɗi ba za a mai da kai farko ba, daga inda ka kai za ka tashi. Mai wasa ya san inda ke masa ciwo, maganin kuwa aikin mai ƙira ne. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sani: in mai saye ya ce albasa ta yi tsada, wani lokacin ba kuɗin ba ne, ruɓaɓɓiya ya hango a bakin buhu.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan wasa? To, ku ji. A 2015 wasu 'yan Kanada biyu, Maddy Thorson da Noel Berry, suka ƙera ɗan wasan hawan dutse cikin kwana huɗu. Suka ci gaba da gyara, a 2018 ya fito da sunan Celeste, an sayar da fiye da miliyan ɗaya. A Ankara ma akwai kamfanin Leti Arts, wanda Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa a 2009, sana'arsu ke nan. Ban ce kowane yaro zai kai can ba. Amma wanda ya koyi sauraron suka bai yi fushi ba, ko kiwo ya koma ko shago, ya samu jari.

Don haka in ɗanka ko 'yarka ta miƙo maka waya ta ce, "Baba, gwada abin da na yi," kada ka ce shirme ne, kada kuma ka ce ya yi kyau don ka rabu da ita. Ka buga. Ka faɗi daidai wurin da ka maƙale, da abin da ka zaci zai faru. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma samari masu ƙira, ku miƙa wayar ku kama bakinku, ku kalli yatsun mutum da fuskarsa.

Alhaji dai har muka bar Zongo Lane bai haye kwatar Mamobi ba. Ya ce in ya dawo da lodi na gaba a kawo masa gyararren.