Idan rimot ɗin jirgin wasa ya ƙi kawo wuta

Jama'a, musamman masu sarin jiragen wasan yara daga Kano zuwa Maraɗi: in mai saye ya dawo da rimot wai ya mutu, kada ka yi saurin mayar da kuɗi. Buɗe gidan batir tukuna, sau da yawa guda ne aka sa a juye. Ko kuwa zafin shago ya sa batir yoyo, ka ga farin gari kamar kanwa a kan ƙarfen. Goge da auduga da ɗigon lemun tsami, ka bari ya bushe sarai. Sa sababbi duka, tsoho ɗaya ya isa ya hana shi tashi. In har yanzu shiru, hure makunnin, ƙurar hunturu na toshe shi.