Matsalar Shigar da Zanen Gini Cikin Manhajar Lissafin Ƙarfinsa



Tun daga shekarar 1982, lokacin da kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, mai zanen gini ya soma ajiye fensir da takarda. Yau abin da yakan miƙa wa injiniya shi ne fayil, DWG ko DXF, shi kuwa injiniya ya shigar da shi cikin manhaja irin su ETABS ko STAAD, domin ya lissafa ko ginin zai iya ɗaukar nauyinsa. A wannan miƙawa ne ɓarna takan shiga, domin mai zane don ido yake zana layinsa, ita kuwa manhaja ba ta san kome ba sai lamba.

Farkon abin dubawa shi ne awo. Zanen da aka yi da milimita, in manhaja ta karanta shi da mita, ɗaki mai faɗin mita 4 ya zama kilomita 4 ke nan. Wannan da sauƙi, ko yaro ya gan shi. Haka kuma zanen da aka bari a kan lambobin safiyo, nesa ƙwarai da mafarin awo, yakan sa layuka su karkace. Maganinsa a jawo shi kusa da mafarin tun kafin a shigar.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ba ya magana. Mai zane yakan ja layi biyu ya nuna bim, watau azarar kankare, amma injiniya layin tsakiya guda yake bukata, kuma tilas ƙarshensa ya sauka daidai bisa kan ginshiƙi. In an sami tazara, ko da ta milimita kaɗan ce, ido ba zai gani ba, amma a wurin manhaja bim ɗin bai taɓa ginshiƙin ba. Sau da yawa ba za ta tsaya ba, sai ta karkatar da nauyin zuwa wani wuri, ta fito da lissafi tsaf, har a tsara wa ginshiƙin rodi ƙasa da abin da yake bukata. Ku ma'aikata da kuke amincewa da takardun gini, kyawun bugu ba ya nuna wannan.

Saboda haka, a ganina, a share ƙofofi da tagogi da rubuce-rubuce daga fayil, a ɗauki zanen a matsayin jagora kawai, injiniya ya sake jan layukansa da kansa. Sa'an nan ya dubi hoton yadda ginin yake lanƙwasa, inda bim maras haɗi zai rabu da ginshiƙinsa a fili. Daga bisani ya gwada da hannu: dekin mai mita 5 da mita 4, kaurinsa santimita 15, kankare ne mita 3 na curi, wajen kilo 7,200. In jimlar nauyin da manhaja ta saukar a harsashi ba ta yi daidai da irin wannan lissafi ba, kada ya sa hannu, ya koma ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya.