Dara a Kan Katako: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



Maganar da muka zo da ita ƙarama ce a ido. Yawancinmu mun tashi mun tarar da dattawa suna dara a gindin bishiya, bayan an kawar da amfanin gona. Ba su sayi komai ba. Rairayi ne ake sharewa, a haƙa gurabu da yatsa, wannan ya karyo tsinke, wancan ya tsinto tsakuwa. To amma mu da neman abinci ya kai Kaduna da Abuja da Legas, a kan siminti muke zaune. Ina yaro zai haƙa gurbi? Dalili ke nan da 'ya'yanmu suka san ludo, suka san wasannin waya, alhali ko sunan dara ba su ji ba sai a karin maganar nan ta dara ta ci gida.

Shawararmu ita ce a ɗauke dara daga ƙasa a mayar da ita kan katako, kuma kowane magidanci zai iya.

A nemi falle mai tsawon inci 18, faɗin inci 15, kaurin inci 2. Maɗaci ya fi daɗin sassaƙa. Ƙirya ta fi shi ƙarko, gara ba ta cika damunta ba, sai dai tana gajiyar da zarto, kafinta kuma zai yi ta ƙorafi. Wanda bai samu ko ɗaya ba, darbejiya ta wadatar. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne ɗanyen itace, domin da hunturu ya kama zai tsage, aikin ya tashi a banza. Mun taɓa yin wannan kuskure da gaggawa, ba mu so wani ya maimaita.

Sai a zana layi 5, kowanne da gurbi 6, jimla 30, a bar tazarar inci 3 tsakanin gurbi da gurbi. A nan ake rabuwa. Wasu sun fi son a fafe gurabun kamar bakin ludayi don a zuba 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino. Mu dai mun fi son a huda rami mai zurfin inci ɗaya a riƙa kafa tsinke, saboda ko yaro ya yi tuntuɓe da allon wasa bai watse ba, kuma ya fi kama da yadda muka gani a rairayi. A feƙe tsinke 24, a bar 12 da launinsu, a babbaka sauran 12 su yi baƙi. Daga nan a goge katakon ya yi sumul, a shafe shi da man kaɗe.

Ga wanda ya manta ƙa'ida: kowa yana dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, gurabu 6 su rage, kuma ba a jera uku a lokacin dasawa. Bayan haka ana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi. Gwanaye tun wurin dasawa suke gama wasan, shi ya sa za ka ga dattijo ya riƙe tsinke ya yi shiru kamar mai lissafin buhunan albasa a kasuwar Aliero.

Akwai 'yan bambance-bambance tsakanin gari da gari, kuma ba za mu yanke hukunci a kansu daga wannan mumbari ba. Duk wanda zai je gida da Sallah, ya tafi da allonsa, ya zauna gaban wani dattijon unguwarsu ya sha kaye sau biyu ko uku, ya rubuto mana yadda ake yi a can, mu buga a fitowa ta gaba.