Tusar Jaki a Jikin Yara: Abin Dubawa Kafin a Ɗauko Reza

Iyayenmu, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na Karofi, Allah ya saka da alheri bisa wannan gayyata.

Tusar jaki ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta. Tana shiga ta ƙujewa ko fason ƙafa, shi ya sa ta fi kama yaran da ke yawo ba takalmi da masu cizon farce. A cikin yara uku masu ita, kusan biyu sukan rabu da ita cikin shekara 2 ba tare da magani ba, garkuwar jiki ce ke cinye ta.

Abin da ke damuna shi ne maganin da muke yi mata a gida. A kai yaro wurin wanzami a yanke, ko a ɗaure da zare, ko a ɗiga ruwan batir. Wallahi cutarwar ta fi cutar. Yankan yana shafa ƙwayar a fatar da ke kusa, ɗaya ta koma biyar. Aska ɗaya a jikin yara da yawa hanya ce ta ciwon hanta. Ga tabo mai tudu, wanda fatarmu ke saurin yi.

A asibiti dubawa ake fara yi. Ana neman fata mai kaushi da ɗigo-ɗigo baƙi a tsakiya, wato ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe. Ƙurji mai santsi da ɗan rami a ka, wannan wata cuta ce daban. Idan tana zafi a tafin ƙafa ko tana hana riƙe alƙalami, akan ba da man shafawa mai sinadarin salisilik. Kullum a jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a goge matacciyar fata, a shafa, har mako 12. Ban da fuska. A manyan asibitoci ana daskarar da ita da ruwan naitirojin, sai dai yana da zafi, kuma yakan bar farin tabo a baƙar fata.

Amma akwai wadda ba a jira. Idan ta yi yawa ta ƙi tafiya, a gwada garkuwar jikin yaron, har da gwajin HIV. Idan a al'aura ko dubura ta fito, likita ya gani, a kuma bincika cikin sirri ko wani ya taɓa yaron. Kunya kada ta rufe mana baki a nan. Yaron da muryarsa ta dishe wata da watanni, wataƙila a maƙogwaro ta tsiro. Ku fara da Babban Asibitin Dutsin-Ma, su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Iyaye mata kan tambaya game da allurar HPV da Najeriya ta fara a Oktoban 2023, ta iso Jihar Katsina a 2024, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Tana kare su daga sankarar bakin mahaifa da tusar jakin al'aura, amma ba ta hana ta hannu da ƙafa. Duk da haka ku kai 'ya'yanku mata a yi musu, kyauta ce.