Ciniki ko Haya? Matsayin Littafin Na'ura Mai Kulle

Wanda ya sayi littafin takarda ya mallake shi, yana iya ba da aronsa ko ya bar wa magada. Amma littafin na'ura da manyan kamfanoni suke kullewa, izinin karantawa kurum suke sayarwa. Haƙƙin marubuci abin kiyayewa ne, babu shakka. Sai dai laifin ɗalibin da ya fasa kulle don ya ara wa abokinsa bai kai na ɗan kasuwar da ya kira haya ciniki ba. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin Kindle na waɗanda suka biya. Ya mayar musu da kuɗinsu, amma bai nemi yardarsu ba.