Karyewar Daidaito da Maganaɗisu Mai Kai Ɗaya



Duk wanda ya taɓa karya maganaɗisu ya san ba a raba kan arewa da kan kudu. In aka sare shi biyu, kowane ɓari sai ya fito da nasa kawuna biyu. A 1931 Paul Dirac, masani na Ingila, ya nuna da lissafi cewa ƙwaya mai kai ɗaya tak tana iya kasancewa. Bai ce dole ne ba. Dolen ta zo daga baya, kuma ita ce maganar wannan lacca.

A ɗauki misalin taɓarya da aka tsayar a tsakar gida. Muddin tana tsaye, gabas da yamma duk ɗaya ne gare ta. Wannan shi ne daidaito. Amma tsayuwar ba ta ɗorewa. Da zarar ta faɗi ta zaɓi gefe guda, alhali kuwa ba wata doka da ta fifita gefen nan a kan sauran. Dokar tana nan da daidaitonta, halin da aka wayi gari a ciki ne ya rasa shi.

Ka'idojin da ke bayyana ƙarfin da ke aiki tsakanin ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda masana ke kira ka'idojin geji, a kan irin wannan daidaito aka gina su. A 1964 Peter Higgs da waɗansu masana suka nuna cewa wani fili da ya game sarari duka yana iya faɗuwa gefe guda kamar taɓaryar nan, sa'an nan waɗansu ƙwayoyi su sami nauyi. Shi ya sa ƙwayar haske ba ta da nauyi, amma 'yan uwanta W da Z, da aka gano a cibiyar CERN a 1983, kowace ta fi furoton nauyi fiye da sau 80. A 2012 aka gano ƙwayar Higgs kanta a cibiyar.

To, sarari ba tsakar gida ɗaya ba ne. A 1976 Tom Kibble, a Landan, ya lura da cewa sa'ad da sarari yake hucewa daga zafinsa na farko, sassan da ke nesa da juna ba su da halin jin labarin juna, domin ba saƙon da ya fi haske sauri. Kowane sashe sai ya faɗi gefen da ya ga dama. Kamar gayya ce a babbar gona: waɗannan sun fara huɗa daga gabas, waɗancan daga kudu, ba wanda ya hangi wani, inda suka haɗu kuwa kunyoyi ba za su dace ba. Wannan mahaɗa ita ce tabo. Wani tabon shimfiɗe yake kamar bango, wani kamar zare, wani ɗigo ne kurum. An ga haka da ido a ɗakin gwaji, cikin ruwan nan mai tsarin lu'ulu'u da ake yin fuskar agogon lantarki da shi, a 1991.

Tabon ɗigo shi ya fi ban sha'awa. A 1974 Gerard 't Hooft na Holan da Alexander Polyakov na Rasha, kowa a nasa wuri, suka gano shi cikin lissafi. Polyakov ya kira shi bushiya, kuma lalle sunan ya dace, don filin yana fuskantar waje ta kowace kusurwa kamar ƙayoyinta. Ko yaya aka shafa ƙayoyin nan, ba za su kwanta gefe ɗaya ba sai an yaga wani wuri. Watau ƙulli ne da ba ya kwancewa, kuma daga nesa maganaɗisu ne mai kai ɗaya.

Nan gizo ke saƙa. Ka'idojin da ke neman haɗa ƙarfi uku su zama ɗaya, irin wadda Georgi da Glashow suka kawo a 1974, ba su da makawa sai sun haifar da wannan bushiya, mai nauyin tsiya. John Preskill ya lissafa a 1979 cewa da an yi su da yawan da ka'idar ta nuna, da nauyinsu ya rinjayi na taurari duka nesa ba kusa ba. Amsar da Alan Guth ya buga a 1981 ita ce sarari ya yi wata kumbura mai tsananin sauri tun da farko, har ƙwayoyin suka warwatsu, suka yi ƙaranci ƙwarai. Amsa ce mai ƙarfi, sai dai ta sa tabbatar da ka'idar haɗewar ya ƙara wuya.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1982, na'urar Blas Cabrera a Jami'ar Stanford ta Amurka ta nuna alama guda, daidai da girman da lissafin Dirac ya faɗa. An ƙera na'urorin da suka fi ta girma, an yi shekaru ana dako, ta biyu ba ta zo ba.